Sakatar Sitiyari: Yadda Ake Gano Laifinta Kafin a Ɗauko Guduma

Sakatar sitiyari ƙaramar na'ura ce da ke ɗaure a jikin sandar sitiyari, ƙarƙashin robar da ta rufe wuyanta, saitin gwiwar direba. Aikinta ɗaya ne. Idan an kashe mota an zare makulli, sai ta turo wani gajeren ƙarfe mai kauri ya faɗa cikin gurbin da aka yanka masa a jikin sandar, sitiyari ya ƙi juyawa. Ɓarawo ko ya haɗa waya ya tada inji, ba shi da halin karya kwana. Tun a shekarun 1930 Abram Neiman ya ƙera irin wannan kulle a Turai, daga baya hukumomi suka mayar da shi doka: Jamus ta Yamma a 1961, Amurka a 1970, Birtaniya a 1971. Shekara da shekaru hannun direba ne ke janye ƙarfen, ta hanyar murɗa makulli. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuwa, da aka fara ƙera motocin da ake tayarwa da maɓalli ko da makulli mai kwamfuta, sai aka ɗora aikin a kan wani ɗan injin lantarki da bai wuce babban yatsa ba. A nan ne sababbin matsaloli suka samo asali, kuma motocin gudu masu ƙofa biyu na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana su.

A Nyohini, unguwar da ke ɓangaren yammacin Tamale a arewacin Gana, motar gudu ba abin hawan yau da kullum ba ce. Titi na babura ne da kekunan yalo-yalo da ƙananan Toyota da motocin a-kori-kura na ma'aikatu. Sai jefi-jefi ake ganin wata mai ƙofa biyu da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema, aka yi tafiyar kilomita kusan 600 da ita zuwa arewa. To amma sakatar da ke cikin Nissan 370Z 'yar gida ɗaya ce da ta cikin Altima da Maxima, wadda ke cikin Marsandi mai ƙofa biyu kuma ita ce a cikin C-Class mai ƙofa huɗu. Saboda haka bakaniken da ke aiki a garejin Nyohini ko Lamashegu, wanda mutanen gari ke kira fita, zai ci karo da wannan ciwo ko bai taɓa buɗe motar gudu ba. Abin da ya bambanta shi da takwaransa na Akara shi ne nisa. Kayan gyara sai an aiko daga Suame Magazin a Kumasi ko daga Abossey Okai a Akara, kuma abin da aka fasa da kurfi yau, mai mota zai yi kwanaki yana jiran madadinsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin bin matsalar daki-daki, a fara da mai arha kafin mai tsada.

Kulle ne ko nauyi?

Tambayar farko ita ce ko sitiyarin a kulle yake da gaske. Sau da yawa mai mota kan ce sitiyari ya kulle alhali nauyi kawai ya yi. Idan inji na aiki, sitiyari kuma yana juyawa amma sai an sa ƙarfi, to babu ruwan sakata. A duba man sitiyari, ko bel, ko famfo, ko injin lantarkin da ke taimaka wa juyi a sababbin motoci. Wanda sakata ta riƙe ba ya motsawa fiye da faɗin yatsa biyu, sannan a ji ya daki ƙarfe ya tsaya cak, hagu da dama.

A motar da ake murɗa wa makulli, mafi yawan abin da ake kira lalacewa ba lalacewa ba ce. Direba ya faka ya bar taya a karkace, ko ta tokare da bakin kwata ko dutse, sai nauyin motar ya dawo ta sandar ya danne ƙarfen sakata a cikin gurbinsa. Makulli ba shi da ƙarfin janye shi. Maganin shi ne a ja sitiyari zuwa ɓangaren da yake ɗan sakewa, a riƙe shi a nan, sannan a murɗa makulli a hankali. Wanda ya sa filaya ya murɗa da ƙarfi zai karya makullin a ciki, ƙaramar magana ta zama babba. Idan motar mai giyar atomatik ce, a tabbatar sandar giya ta zauna sosai a kan P, domin akwai waya ko maganaɗisun da ke hana makulli motsi idan ba ta zauna ba.

Idan wannan bai yi ba, sai a dubi makullin kansa. Haƙoransa na cinyewa, musamman wanda aka yanka daga wani da shi ma ya riga ya cinye. Gwada na ajiya yakan raba gardama nan take. Sai kuma gidan makullin, inda ƙananan faranti ke hawa da sauka a kan siririn sifirin. A Tamale ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ko'ina, kuma babban kuskuren da ake yi shi ne ɗiga baƙin mai ko giris a ramin makulli. Kwana biyu zai yi laushi, daga nan man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, farantan su maƙale. Abin da ya dace shi ne a fesa maganin wanke wayoyin lantarki mai bushewa, a hura iska, a bi da garin girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa tare da na mota su ma suna cinye gidan da nauyinsu, balle a kan hanya mai gargada.

Sakata mai lantarki

A nan aikin ya zama zance tsakanin kwamfutoci. Direba ya sa makulli ko ya danna maɓalli. Kwamfutar tsaro ta tantance cewa makullin na motar ne. Ta aika wa sakata umarni, ɗan injin ya juya, ƙarfen ya janye, wani ƙaramin suwic a cikin akwatin ya shaida cewa lallai ya janye. Sai wannan shaida ta koma sannan a ba inji izinin tashi. An tsara shi haka ne domin kada mota ta taɓa tafiya da kullallen sitiyari. Sakamakon haka, duk inda zancen ya yanke, alamar iri ɗaya ce: mota ta ƙi tashi, wata fitila ta kama a dashbod. Mataccen batir, da fiyus da ya ƙone, da waya mai tsatsa, da injin sakata da ya gaji, duk fuska ɗaya suke nunawa. Shi ya sa ake yawan sayen sakata sabuwa a ɗaura, matsala kuma tana nan daram.

Batir ne farkon abin zargi, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6 a mita. Idan ya nuna 12.2 ya sauka zuwa rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Lokacin da kik ke juya inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan inji ya tashi kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta na caji. Kunna fitila ko danna oda ba gwaji ba ne, don batirin da zai haska fitila yana iya gaza wa kwamfuta. Zafi ne babban mai kashe batir, a Tamale kuwa Maris da Afrilu kan kai digiri 40, har su wuce. Ga shi motar gudu ba kullum ake fita da ita ba. Takan yi mako biyu ko uku a rufe da tampol, kwamfutocinta na tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, ranar Juma'a ko ranar biki a zo tayarwa a tarar wutar ta yi ƙasa. Ɗan injin ya fara janye ƙarfe ya tsaya a rabin hanya, suwic bai shaida buɗewa ba, bai kuma shaida kullewa ba, kwamfuta ta rubuta laifi. A wasu motocin laifin ba ya gogewa don kansa ko an sa sabon batir.

Babu motar da ta yi suna da wannan ciwo kamar Chevrolet Corvette ƙirar 1997 zuwa 2004. Allon dashbod ɗinta kan rubuta wa direba cewa ya zare makulli ya jira daƙiƙa 10, idan abin ya ci gaba kuma ya rubuta cewa sakata na bukatar gyara. An tsara ta yadda idan sakata ba ta buɗe ba, kwamfutar inji za ta yanke fetur da zarar motar ta fara gangarawa, wato inji ya tashi lafiya amma ya mutu an ɗan matsa. Sai aka gano cewa idan wutar batir ta yi ƙasa, wannan kariya na iya ƙin aiki, mota ta tafi da sitiyari a kulle. A 2004 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motoci sama da 120,000 saboda haka. A masu giyar atomatik an cire farantin da sakata ke kamawa gaba ɗaya, a masu giyar hannu kuma an sabunta manhajar kwamfuta. Akwai wani abin lura a wannan ƙira: batir na zaune ne a saman kwamfutar inji da tarin wayoyi, don haka batirin da ke yoyon ruwan asid yana cin abin da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya sami irin wannan mota da matsalar lantarki, ya ɗaga batir ya leƙa ƙasa kafin komai.

Bayan batir sai kawunansa da wayar da ke ɗaure shi da jikin mota. Farin gari a kan kai, ko kai mai juyawa da hannu, ya isa ya jawo duk alamun da aka ambata. Motocin da ake sayowa a kasuwannin gwanjon Amurka da yawa masu haɗari ne, wasu kuma ruwa ya taɓa cinye su, kuma tsatsar ambaliya a cikin soket takan ɗauki watanni kafin ta nuna kanta. Majalisar dokokin Gana ta yi dokar kwastan a 2020 da ta haramta shigo da irin waɗannan motoci da waɗanda suka haura shekara 10, amma gwamnati ta dakatar da aiwatar da ita, ga kuma waɗanda suka riga suka shigo. Kore-kore a bakin soket, ko busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet, shaida ce da ba ta bukatar kwamfuta. Daga nan a gwada fiyus da mita, don ido na yaudara, a musanya rile da wani irinsa a cikin akwatin a ga ko za a sami canji.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke shigar burtu su yi kama da laifin sakata. Ɗaya batirin rimot ne, ɗan faifan nan da ake sayarwa a shagon agogo. Idan ya mutu mota ba ta gane makullinta, ba za ta kuma aika umarnin buɗewa ba. Yawancin motoci na da rami ko wurin da ake kanga rimot ɗin a tada su ko da batirinsa ya mutu. Na biyu suwic ɗin birki ne, ko na kuloci a mota mai giyar hannu. Gwajinsa ba ya cin ko pesewa ɗaya: wani ya taka birki, wani ya tsaya a baya ya ga ko jar wuta ta kama.

Kunne da kwamfuta

Idan duk waɗannan lafiya lau suke, sai a kashe rediyo, a rufe ƙofa, a kasa kunne kusa da wuyan sitiyari. Lafiyayyiyar sakata na yin gajeriyar ƙara mai kaifi, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Mai ja a hankali kamar ana tilasta mata, gawayin injinta ne ya cinye ko giris ɗin cikinta ya daskare. Idan an ji ƙas ba juyi, umarni ya iso amma injin ya kasa. Shiru gaba ɗaya kuwa yana nufin ko wuta ba ta zuwa, ko umarni bai fito ba tun daga sama, wato laifin na iya zama na makulli ko kwamfutar tsaro. Mita a bakin soket ɗin sakatar ce za ta bambance: akwai wuta, akwai haɗi da jikin mota, ko babu.

Kwamfutar bincike tana taimakawa, amma ba kowace ba. Ƙananan na'urorin nan masu arha lambobin inji kaɗai suke karantawa, sai su ce babu laifi alhali laifin na rubuce a kwamfutar jiki ko ta tsaro. Ana bukatar wadda ke shiga duk sassan motar ta kuma nuna halin da suwic ɗin sakata yake ciki a lokacin. A motocin Volkswagen da Audi, misali Passat ta 2005 zuwa 2010 da A6 ta zamaninta, lambar 00288 ce ke nuna wannan sashe, kuma sau da yawa ƙananan rile da suwic na kan allon ne suka gaji, abin da ƙwararren mai gyaran rediyo ko waya zai iya canzawa da dalma. A wasu BMW na tsakiyar shekarun 2000 kwamfuta na ƙirga duk lokacin da sakata ta yi gardama. Fitilar ta fara da rawaya, idan ƙirgen ya cika ta koma ja, mota ta ƙi tashi har sai an goge ƙirgen. Gogewa ba tare da gyara dalilin ba jinkiri ne kawai. A rubuta lambobin a takarda kafin a goge su, don su ne tarihin ciwon.

Nissan ta sha fama da wannan a ƙirar 2009 da 2010, a 370Z da GT-R, da kuma Altima da Maxima. Alamar sananniya ce: a danna maɓalli ba abin da ya motsa, sai fitilar makulli a dashbod. Kamfanin ya canza na'urar kyauta a Amurka, a Altima da Maxima ma daga baya ya maye gurbinta da akwatin da ba ya kulle sitiyari sam. Masu irin waɗannan motoci sun daɗe da gano cewa ƙwanƙwasa akwatin a hankali da ƙotar sukundireba yayin da ake danna maɓalli yakan sa ya buɗe. Dabara ce ta fitar da mota daga inda ta maƙale, sau ɗaya ko biyu. Wanda ta yi masa aiki, ya wuce gareji kai tsaye kada ya kashe inji a hanya.

Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a Marsandi C-Class ta 2007 zuwa 2014 da danginta. A can makulli na murɗawa, rediyo na iya kamawa, amma dashbod ya ƙi haskawa, inji ya yi shiru. Kusan kullum ɗan injin ne gawayinsa ya ƙare, kuma yakan yi gargaɗi na makonni: yau sai an sa makulli sau biyu, gobe sau huɗu. Muhimmancin gargaɗin shi ne ƙusar da ke riƙe akwatin ba ta fita sai sakata na buɗe. Idan ta mutu a buɗe, aikin kwancewa ne kawai a canza injin. Idan ta mutu a kulle, sai an sauke sandar sitiyari an huda, kuma yawan gwadawa na iya sa ƙwaƙwalwar da ke kan allon ta toshe kanta, ta yadda sabon inji ma ba zai tashe ta ba. Sakatar wata motar kuma ba ta aiki idan an ɗauro ta haka nan, domin kowace an ɗaura mata aure da makulli da kwamfutar motarta. Wanda zai yi odar ta hannu daga Kumasi ya fara tabbatar da akwai mai na'urar da zai daidaita ta, in ba haka ba ya sayi ƙarfe.

Gyara, canji ko cirewa

Hanya uku ce a gaban mai mota. Gyaran na ciki shi ne mafi arha idan allon lafiya yake. Sabuwa daga dila ita ce mafi tsada, kuma dilolin Marsandi ba sa sayar da ita sai an nuna takardun mallaka, tunda kayan tsaro ce. Ta uku ita ce na'urar kwaikwayo, ɗan akwatin da ake sa wa a soket ya riƙa amsa wa kwamfuta cewa an buɗe, an kulle, alhali babu ƙarfen da ke motsi. Ga mota mai shekara 15 a gari mai nisa da dila, wannan zaɓi ne mai ma'ana, tunda kamfanonin da kansu sun bi irin wannan hanya, kuma kwamfutar da ke tantance makulli na nan tana tsare motar. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba a kuma sassauta shi: a cire tsohuwar sakata daga jikin sandar ɗungurum, ko a tabbatar ƙarfenta ba shi da hanyar fitowa. Barin ta a wurin da ƙarfe a rabin hanya, a kan titin Tamale zuwa Bolgatanga mai ramuka da tudun rage gudu, kasada ce da rai. Haka nan bakanike ya nemi takardun mota kafin ya taɓa wannan aiki, don abin da ke ceton mai mota shi ne kuma ɓarawo ke nema.

Wajen kwancewa, a cire kan batir a jira 'yan mintoci kafin a kusanci jakar iskar da ke tsakiyar sitiyari. A daidaita tayoyi su miƙe, a ɗaure sitiyari kada ya yi ta juyawa bayan an raba sandar, domin akwai nannaɗaɗɗiyar waya a bayansa da ke tsinkewa, oda da jakar iska su daina aiki. Ƙusoshin da ke riƙe sakata a motoci da yawa an yi su ne kansu ya guntule wajen ɗaurewa. Ana warware su da ɗan kurfi mai tsini a gefe, a hankali, ko a yanka musu tsaga. Dukan sandar kanta da guduma haramun ne a wannan sana'a: an ƙera ta ta noƙe idan an yi karo don kada ta soki ƙirjin direba, duka kuma na karya abin da ke riƙe da ita.

Mai shirin sayen mota 'yar Amurka yana da hanyar sanin ko an yi mata gyaran kiranye. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, yana nuna kiranyen da ba a kammala ba idan an shigar da ita. Ya kuma nemi makulli biyu, ya kashe ya tayar sau da yawa a jere yana sauraron ƙarar sakatar.

Saura batun ja. Motar da sitiyarinta ke kulle ba a jan ta da igiya ko sarƙa, ko da zuwa gareji na gaba ne. Sai a ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga tayoyin gaba idan ƙirarta ta yarda da hakan. Motar gudu ƙasa-ƙasa take, tana bukatar katako a gaban taya kafin ta hau, in ba haka ba bamba ta tafi. Wadda ake murɗa wa makulli kuwa, idan za a ja ta saboda wata matsala daban, dole makulli ya zauna a ciki a murɗe. Wannan ya shafi direbobin da ke kashe inji a gangara don tsimin fetur: idan makulli ya koma matakin ƙarshe, a wasu motocin kwana ɗaya ta isa sakata ta faɗa gurbinta, ga birki ya yi tauri saboda inji ba ya aiki.